C. V. Raman: Akawun da ya gano wani sirri a cikin haske

A ranar 28 ga watan Fabrairun kowace shekara ƙasar Indiya kan yi bikin ranar kimiyya ta ƙasa. Asalin ranar shi ne wani abu da ya auku a birnin Kalkata a shekarar 1928, lokacin da Chandrasekhara Venkata Raman ya leƙa cikin wata 'yar na'urar rarrabe launukan haske, wadda ba ta fi a sa ta a aljihu ba, ya ga wani launi a inda ilmin wancan zamani bai tanadi a gan shi ba.

An haifi Raman ran 7 ga watan Nuwamban 1888 a kusa da garin Tiruchirappalli da ke kudancin Indiya, lokacin mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa malamin lissafi ne da kimiyyar fiziya. Yana da shekaru 16 ya sami digirinsa na farko a kwalejin Presidency ta Madras, a 1906 kuma wata mujallar kimiyya ta Landan ta buga maƙalarsa ta farko, alhali yana ɗalibi.

A wancan lokaci bincike ba sana'ar da ɗan Indiya zai ci abinci da ita ba ce. Don haka a 1907 ya kama aiki a ma'aikatar kuɗi a Kalkata, a matsayin mataimakin babban akanta. A birnin ne ya ci karo da wata ƙungiyar raya kimiyya da wani likita, Mahendralal Sircar, ya kafa a 1876, wadda ke da ɗakunan gwaji amma babu masu amfani da su. Ya roƙi izini aka ba shi. Da asuba sai ya je ɗakin gwaji, da hantsi ya tafi ofis, da yamma ya koma. Mafi yawan bincikensa na wannan zamani a kan sautin kayan kiɗa ne, kamar goge irin na Turawa da gangunan Indiya. A 1917 ya ajiye aikin gwamnati ya karɓi kujerar farfesa a Jami'ar Kalkata, duk da cewa albashinsa ya ragu da kusan rabi.

A 1921 ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Ingila ta jirgin ruwa, shuɗin tekun Bahar Rum kuma ya ɗauke masa hankali. Babban masanin nan Lord Rayleigh ya riga ya ce launin teku hoton sararin sama ne kawai a kan ruwa. Raman ya sa wani gilashi da ke kawar da hasken da ke dawowa daga fuskar ruwa, sai ya ga shuɗin ya ƙara ƙarfi maimakon ya gushe. Ya yanke cewa ƙwayoyin ruwan ne da kansu ke warwatsa hasken rana. Daga nan ya juya ɗalibansa ga wannan fanni.

Kayan aikinsu ba wasu na a zo a gani ba ne. Madubi ne a waje da ke bin rana yana jefa haskenta cikin ɗaki mai duhu, da madubin hangen nesa da ke tattara hasken a kan kwalbar ruwan da ake gwadawa, sai gilasai biyu masu launi. Na farko, mai launin shunayya, ana sa shi a gaban kwalbar. Na biyu, kore, mai kallo ke riƙewa a gaban idonsa daga gefe. Tun da koren gilashi ba ya barin shunayya ta wuce, kamata ya yi mai kallo ya ga duhu tsantsa.

Amma a 1923 ɗalibinsa K. R. Ramanathan ya ga wani ɗan ƙyalli mai rauni yana wucewa. Bayani mafi sauƙi shi ne datti, domin akwai abubuwan da kan sha haske su sake fitar da shi da wani launi, kuma ko ɗigonsu a cikin ruwa ya isa ya ɓata gwaji. Suka yi ta tace ruwan ta hanyar tururi, sau da yawa, ƙyallin bai tafi ba. Wani ɗalibin, K. S. Krishnan, ya gwada ruwaye iri-iri fiye da 60, ya same shi a da yawa daga cikinsu. Kusan shekaru biyar abin yana nan a matsayin matsalar da ta ƙi gyaruwa. Mai gaggawa zai rubuta cewa kwalba ce ba ta wanku ba, ya wuce.

A ƙarshen 1927 aka ba Arthur Compton na Amurka lambar Nobel saboda ya nuna cewa hasken ɗaukar hoton ƙashi yana sauya tsawon zangonsa idan ya warwatsu. Raman ya yi zaton haske na yau da kullum ma zai iya yin haka. A watan Fabrairun 1928 shi da Krishnan suka koma kan gwajin ba dare ba rana. Bayan abin da suka gani ran 28 ga wata, suka musanya rana da fitilar zaiba, wadda ke ba da launuka ƙididdigaggu, sai ga sababbin layuka sun fito a hoto kusa da na asali.

Abin da ke faruwa shi ne, idan haske ya bugi ƙwayar sinadari, galibinsa kan tashi da launinsa na asali. Amma kimanin ɗaya cikin miliyan 10 na ƙwayoyin hasken kan bar wa sinadarin wani ɓangare na ƙarfinsa, ko ya karɓo daga gare shi, sai launinsa ya sauya. Gwargwadon sauyin ya danganta da yadda sinadarin ke girgiza, saboda haka kowane sinadari da nasa jerin layuka, kamar zanen yatsa.

An ba Raman lambar Nobel a 1930, shi ne ɗan Asiya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Ya amince da kansa har ya sayi tikitin jirgi watanni kafin a sanar. Sai dai batun bai rasa ƙorafi ba. Adolf Smekal na Ostiriya ya yi hasashen abin a takarda tun 1923. A Mosko kuma, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam sun ga irinsa a cikin dutsen ƙarau a wannan wata na Fabrairu, amma Raman ya riga su bugawa. Krishnan, wanda ya yi mafi yawan zaman cikin duhu, shi ma bai sami rabo a kyautar ba.

Raman mutum ne mai kaifin harshe da wuyar sha'ani. A 1933 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Indiya a Bangalore, amma rikici da hukumar gudanarwa ya sa ya sauka a 1937. Ya kuma daɗe yana jayayya da Max Born a kan girgizar ƙwayoyin lu'ulu'u, kuma masana sun ba Born gaskiya. A 1948 ya kafa cibiyarsa ta kansa, inda ya yi aiki har rasuwarsa ran 21 ga watan Nuwamban 1970, yana da shekaru 82.

Raunin hasken ya daɗe yana taƙaita amfanin wannan hanya, har sai da aka ƙirƙiro leza a 1960. A yau ɗalibai da masu sha'awa kan haɗa irin na'urar da hannunsu, da koriyar leza da gilashin da ke toshe launinta da ƙaramar kyamara, kuma babbar damuwarsu ita ce ta Ramanathan: ƙyallin datti da ke binne layukan da ake nema. Motar binciken Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a 2021 tana ɗauke da na'urorin Raman. A Najeriya ma, tun wajen 2010 hukumar NAFDAC ta fara amfani da wata ta hannu mai suna TruScan wajen gano jabun magunguna.