Marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina (1912–1994)

Da yawa daga cikinmu sun san sunan Isa Kaita ne a jikin allon wani titi a Kaduna, ko a ƙofar Kwalejin Ilmi ta Dutsin-Ma. Ya kamata mu san mai sunan, domin ɗanmu ne, kuma kusan duk wanda ya shiga aji a Arewa ya ci moriyar aikinsa.

An haife shi a Katsina cikin 1912, a gidan Waziri Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ta zama Barewa. Da ya gama sai ya kama aikin da aka horar da shi dominsa, wato koyarwa a makarantar midil.

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Ankara ta ƙasar Gana, yana karanta labaran yaƙi a gidan rediyo. Ya komo gida a 1944 ya shiga aikin En'e ta Katsina, daga baya ya tafi Exeter a Ingila ya ƙaro ilmin sha'anin mulki.

Siyasa ta same shi a shirye. Ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, ya zama Ministan Ayyuka a 1954, ya kuma riƙe ma'aikatar albarkatun ƙasa. Amma inda ya bar tarihi shi ne ma'aikatar ilmi, wadda ya karɓa a 1957 ya riƙe har juyin mulkin Janairun 1966.

A lokacin ana ta shirin karɓar mulkin kai, ga shi Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilmin boko, ma'aikatu cike da Turawa da baƙi. Gwamnatin Sardauna ta ƙudura sai 'yan Arewa sun riƙe aikin Arewa, amma ina za a samo su? Tsohon malami ya san amsar: sai an yi malamai kafin a yi ɗalibai. A zamaninsa aka yawaita makarantun horon malamai da na sakandare a larduna, aka buɗe babbar kwalejin horon malamai ta Zariya, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962.

Bayan faɗuwar gwamnatinsu bai daina hidimar jama'a ba. A Jamhuriya ta Biyu, zamanin Shugaba Shehu Shagari, shi ya shugabanci hukumar kula da ɗa'ar ma'aikata. Ya rasu a watan Nuwamba na 1994.

Su sun gina da ɗan abin da ke hannunsu. Gyaran ajin da ya tsage da taimakon malamin da ke cikinsa kuwa, wannan ya rage namu, mu tsofaffin ɗalibai. Allah Ya jiƙan Waziri, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.