Hermann Rorschach, lokotoron da ya auna hankali da tawada

An haifi Hermann Rorschach ran 8 ga watan Nuwamba 1884 a birnin Zurik na ƙasar Suwis, ya girma a Shafawzan, inda mahaifinsa yake koyar da zane a lakkwal. Mahaifiyarsa ta rasu a 1897, mahaifinsa kuma a 1903. Tun yana yaro yake son wasan ɗiga tawada bisa takarda, a ninke ta, a buɗe, a duba siffar da ta fito.

Ko da yake hannunsa ya iya zane, sai ya zaɓi aikin lokotoro. Ya ƙare karatu a 1909, kuma a 1912 ya kammala binciken digirinsa ƙarƙashin Eugen Bleuler, malamin da ya raɗa sunan sikizofireniya ga ciwon nan mai raba mutum da zahiri, har ya riƙa jin muryoyin da babu su. A 1910 ya auri Olga Stempelin, lokotoro ƴar ƙasar Rasha.

A 1911, shi da abokinsa Konrad Gehring, malamin lakkwal, suka fara nuna ma ƴan makaranta da masu jinya tabon tawada. Daga 1915 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Herisau, inda ya mayar da wasan yara ya zama gwaji. Yakan miƙa ma mutum kati, ya tambaye shi abin da siffar za ta iya zama. Amma ba sunan abin ne ya fi damunsa ba, sai yadda idon mutum ya kai gare shi: ya dubi tabon duka ko ɗan gefe, siffa ya bi ko launi, ko kuwa motsi ya hango. Ya lura cewa amsoshin masu sikizofireniya sukan saɓa ma siffar da ke gabansu, su haɗa abubuwan da ba su haɗuwa.

Bayan ya gwada mutane kimanin 400, ya buga littafinsa Psychodiagnostik a 1921, tare da katuna 10. Bai ga amfanin wahalarsa ba, domin ran 2 ga watan Afrilu 1922 ya rasu da ciwon hanji, yana da shekara 37, ya bar matarsa da ƴaƴa biyu ƙanana.

Bayan rasuwarsa gwajin ya bazu, musamman a Amurka, inda John Exner ya tsara ƙa'idar lissafa amsoshi a 1974. An yi ta gardama bisa kansa, domin wasu sun ɗora masa kayan da ba nasa ba. Sai dai wani babban nazari na 2013 ya nuna cewa ɗaya daga wuraren da ya fi ƙarfi shi ne gano rikicewar tunani, wato abin da mai shi ya fara nema.

Wannan ciwo yakan fara tun ana samartaka, kuma jinyar da aka soma da wuri ta fi amfani. Shi ya sa wasu masana suke gwada matasa da katunan. Amma yawancin matasan da aka ga alamun haɗari gare su ba su kamuwa, saboda haka kati shi kaɗai ba ya yanke hukunci: sai an zauna da yaro da iyayensa, an bi halinsa a tsanake, kada a laƙa masa sunan da zai bi shi har girma.