Tarihin Ibn Sina da Mas'alar Kulli da Juz'i

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwana almajiri, wanda duk ya karanta Sullam na Shehu Ahalari a ilmin manɗiƙi ya gamu da kulliyyai biyar. Don haka na ga ya kamata in kawo maka tarihin malamin da na bayansa suka dogara da bincikensa a kansu, watau Abu Ali Husaini Ibn Sina.

An haife shi wajen shekarar 980 a ƙauyen Afshana kusa da Buhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Ya haddace Alƙur'ani yana da shekara 10. Tun yana saurayi ya yi wa Sarki Nuhu ɗan Mansur magani, sai aka buɗe masa taskar littattafan fada. Daga baya ya yi waziri a Hamadan, ya sha ɗauri na wata 4, sa'an nan ya koma Isfahan. Ya wallafa Alƙanun a likitanci da Ashshifa a falsafa. Ya rasu a Hamadan a 1037.

To, ga mas'alar. Audu mutum ne, Garba mutum ne, kowannensu juz'i ne. Mutuntakar da ta haɗa su, ita ce kulli. Shin tana nan a waje, ko kuwa cikin hankali kaɗai take? Aflaɗun na Yunan ya ba ta samuwa mai zaman kanta, almajirinsa Aristo ya ƙi. Ibn Sina ya ce haƙiƙar mutuntaka, in an dube ta ita kaɗai, ba a siffanta ta da ɗaya ko da yawa. A waje ba ka samunta sai cikin Audu ko Garba. Hankali ne ke tuɓe mata tsawo da launi, sa'an nan ta dace da kowa.

Wannan rarrabewa na karɓe ta, domin tana warware wa mai karatu ƙulli. Amma ya tafi a kan cewa Allah yana sanin juz'ai ne ta fuskar kulli. A nan Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya masa cikin Tahafutul Falasifa, ya lissafa wannan cikin mas'aloli 3 da ya kafirta masu falsafa a kansu. Ni ina tare da Gazali. Ubangijinmu ya san kowace ƙwayar gero a rumbu, ya san Audu da kansa, da abin da ya ɓoye a zuci. In ba haka ba, wa ke jin kukan mai roƙo da tsakar dare?

Ka ɗauki ma'aunin Ibn Sina ka auna magana, tauhidi kuwa ka ɗauke shi wurin malaman Sunna. Allah ne mafi sani.