Samuel Hahnemann, likitan da ƙazwa ta ɓatar

Yau tarihin wani likitan Jamus muka kawo muku, Samuel Hahnemann, wanda ya ƙago hanyar maganin da ake kira homiyopati.

An haife shi a garin Meissen a 1755, mahaifinsa mai zanen tangaran ne. Ya zama likita a 1779, amma aikin bai kwanta masa ba. Likitocin zamanin kan tsiyaye wa marar lafiya jini kwano-kwano, su ɗura masa zaiba, ciwo bai kashe shi ba magani ya ƙarasa shi. Sai ya aje aikin, ya koma fassarar littattafai don ciyar da iyali. A nan kam mun yaba masa.

A 1790 ya gwada shan ɓawon itacen da ake yin kinin da shi, ya ji kamar masassara ta kama shi. Daga nan ya yanke cewa abin da ke jawo alamun cuta ga mai lafiya shi ne maganinta, in an sirka shi. Sirkin kuwa, ɗigo 1 cikin ɗigo 99, a girgiza, a ɗebi ɗigo 1 a sake, har sau 30. Masana sun lissafa cewa bayan sirki na 12, da wuya a tarar da ko ƙwayar maganin a ciki. Da mai nono ce ta yi irin wannan sirki, da tuni ta rasa masu saye.

A 1828 ya fitar da littafi yana cewa yawancin cututtuka masu daɗewa daga ƙaiƙayi irin na ƙazwa suke, wai in an shafa magani a fata sai ciwon ya koma ciki. Shekara 6 bayan haka, a 1834, wani ɗalibi mai suna Renucci ya zaro ƙwaron ƙazwa da allura daga fatar wata marar lafiya a asibitin Saint-Louis na Paris, gaban malamansa. Wajen matan ƙauyen tsibirin Korsika ya koyi dabarar. Ashe ƙwaro ne a fata, a kashe shi, a wanke tufafi da shimfiɗa, a yi wa duk gida magani.

Wannan ya shafe mu, don ciwon fata mai daɗewa shi ke cinye jari. Tabon da ya yi haske kuma ba a jin taɓi a kansa yana iya zama kuturta, wadda maganinta kyauta ne tun 1995. A nuna wa likita tun yatsu ba su taɓu ba.

Hahnemann bai sake ra'ayi ba. A 1835, yana kusan shekara 80, ya auri wata Bafaransa, Mélanie, suka koma Paris, masu hali suna tururuwa ƙofarsa har ya rasu a 1843. Daga Janairun 2021 asusun lafiya na Faransa ya daina biyan kuɗin homiyopati, saboda ba a samu hujjar tana warkarwa ba.