Musa Ɗanƙwairo

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun (an haife shi a wajajen 1909, ya rasu ranar 13 ga Satumba, 1991) makaɗin fada ne daga ƙasar Zamfara, kuma ɗaya daga cikin mashahuran makaɗan kotso na ƙarni na 20. Ya yi wa sarakuna da hakimai waƙa tun daga Maradun har zuwa Tsafe da Daura da Kano da Zazzau, amma waƙoƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, su ne suka fitar da sunansa ko'ina a Arewa. Ya shafe sama da shekara 70 yana sana'ar kiɗa. Mafi yawan abin da ake saurare na muryarsa a yau an ɗauke shi ne a cikin shekaru 30 na ƙarshen rayuwarsa, kuma ya iso ga jama'a ta hannun gidajen rediyo da masu kwafar kaset.

Asali da tasowa

An haifi Musa a Bakura. Mahaifinsa shi ne Usman Ɗankwanda, kakansa kuma Kaka Maiganga, dukansu makaɗa ne, saboda haka kiɗa gadonsa ne. Gidansu yana da tsohuwar alaƙa da fadar Sarkin Ƙayan Maradun, shi ya sa ake jingina shi ga Maradun duk da cewa a Bakura aka yanke cibiyarsa.

Laƙabin Ɗanƙwairo ya samo asali ne daga wani mutum mai suna Ƙwairo da ke cikin ƙungiyar mahaifinsa, wanda aka sani da zaƙin murya. Da Musa ya fara amshi yana ɗan shekara 6 ko 7, sai aka ji muryarsa ta yi kama da ta mutumin, aka riƙa ce masa ɗan Ƙwairo. Sunan ya bi shi har ya kusa shafe na yanka.

Yankin da ya tashi a ciki, wato Bakura da Talata Mafara da Maradun da garuruwa irin su Ƙaya da Gora da Faru da Tsibiri, ƙasar noma ce da ke shimfiɗe a gefen gulbin Sakkwato. Ƙasa ce kuma ta makaɗa. Daga Faru ne Sa'idu Faru ya fito, wani gwanin kotso, wanda ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara.

Daga gona zuwa fada

Kiɗan noma ne farkon abin da ya koya. A wancan zamani idan an kira gayya, makaɗa kan bi manoma cikin kunya da ganga, suna zuga gwanayen noma, suna yi wa raggo zambo. Wanda ya saba da wannan fage ya saba da ɗaga murya a fili da ƙirƙirar magana nan take, kuma dukansu biyu sun yi wa Ɗanƙwairo amfani daga baya.

Bayan rasuwar mahaifinsu, yayansa wanda aka fi sani da Kurna ya gaji shugabancin ƙungiya, Musa ya zama daudunsa, wato mataimakinsa. Ya daɗe a wannan matsayi kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Kiɗan da ya riƙe a fada shi ne kotso: ganga ce mai baki ɗaya rufe da fata, ɗaya bakin a buɗe, tana da tsarkiyoyi da makaɗi kan matsa don sauya amo, da ɗan danƙo da ake kira nake a tsakiyar fatar. Da hannu ake kaɗa ta. Kotso da taushi da jauje da banga na cikin kayan kiɗan da al'ada ta keɓe wa masu sarauta.

Wannan rabin farko na rayuwarsa shi ne wanda na'ura ba ta kama sosai ba. Lokacin da yake kan ganiyar ƙuruciya, babu mai yawo da rikoda a ƙauyukan Zamfara.

Zamanin Sardauna da bayansa

Masu tarihin makaɗa sun rawaito cewa Sardauna, lokacin yana Firimiyan Jihar Arewa, ya nemi a aiko masa da Kurna daga Maradun, amma saboda tsufa ya kama Kurna sai aka tura ƙanensa. Ɗanƙwairo ya haura shekara 50 a lokacin. Waƙar da aka fi saninsa da ita daga wannan zamani ita ce "Mai Dubun Nasara". A cikin waƙoƙin Sardauna yabon sarauta da siyasar jam'iyyar NPC sun cuɗanya: ana yabon jikan Shehu Usmanu, ana kuma gugar abokan hamayyarsa.

An kashe Sardauna a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Bayan haka Ɗanƙwairo ya zauna ƙarƙashin 'Yandoton Tsafe, Alhaji Aliyu na II, wanda waƙarsa tana cikin waɗanda aka fi yawan sakawa har yau. Ya kuma yi kusa ƙwarai da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966. Ya waƙe Sarkin Musulmi Abubakar na III, da Sarkin Kano Ado Bayero, da Sarkin Zazzau Shehu Idris, da hakimai da attajirai masu yawa. Da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ya yi waƙa a kan shirin, yana dattijo mai shekara kusan 75.

Salon waƙarsa

Waƙar fada tana da gindi, wato amshin da ake komawa gare shi, da kuma ɗiya, waɗanda jagora ke jerawa tsakanin amshi da amshi. A wajen makaɗa da yawa aikin 'yan amshi bai wuce maimaita gindi ba. A ƙungiyar Ɗanƙwairo abin ya zarce haka. Yakan ɗauko magana ya saki a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da nasu, ko wani sashe ya miƙa wa wani sashe. Manazarta na kiran irin wannan karɓeɓeniya da bayayyeniya. Sai ƙungiyar da ta daɗe tare, ta kuma sha bita a gida, take iya yin haka ba tare da an taka ƙafar juna ba. Akwai 'ya'yansa a cikin masu yi masa amshi.

Ya ƙware wajen zambo da habaici. Ba ya kama sunan abokin hamayyar ubangidansa, sai dai ya siffanta shi da wata dabba ko wata kama ta jiki, yadda duk wanda ke fadar zai gane da wa ake. Da karin harshen Zamfara yake waƙa, mai kusa da Sakkwatanci, inda Tsafe kan zama Tsahe, kiɗa ya zama kiɗi, ya zo kuma ya zama yaz zo.

Ɗaukar waƙoƙinsa

Tashensa a wajen Sardauna ya zo daidai da kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, wanda gwamnatin jihar ta kafa tare da kamfanonin EMI da Granada na Ingila. Gidan ya riƙa gayyatar makaɗan gargajiya yana ɗaukar su a kan manyan faya-fayan tef, yana kuma saka su a shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka. A 1978 ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Gidajen rediyon jihohi, kamar Rima Radio a Sakkwato, su ma sun tara nasu. A nan Ɗanƙwairo ya yi sa'ar da Ibrahim Narambaɗa bai samu ba: Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, kafin na'urorin ɗaukar murya su wadata, saboda haka abin da ya rage na muryarsa bai kai na Ɗanƙwairo yawa ba.

Abin da ya kai waƙoƙin cikin kowane gida shi ne kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya bazu a Nijeriya cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa rikoda ta shiga hannun talaka. Daga nan ɗaukar waƙa ta daina zama aikin gidan rediyo kaɗai. Ana naɗin sarauta ko bikin sallah, wani zai ajiye rikodarsa gaban makaɗa. Wani kuma daga akwatin rediyo zai ɗauka. Waɗannan kaset-kaset su ne masu shaguna suka riƙa kwafa suna sayarwa a kasuwanni da tashoshin mota, kuma kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama babbar cibiyar wannan sana'a.

Hanyar ta yaɗa waƙoƙin, ta kuma bar musu tabo. Kowane kwafi yana rage tsabtar sauti ya ƙara shuu a bayansa. Fuskar kaset ɗaya tana ɗaukar minti 30 ko 45 ne, saboda haka idan waƙa ta zo a ƙarshen fuska sai a datse ta, wanda ya kwafa daga nan kuma ya gaji datsattsiyar. Idan injin kwafi yana gudu fiye da kima, muryar takan ƙara tsini, kiɗan ya ƙara sauri, har mai sauraro ya ɗauka haka makaɗin yake. Ga wanda sunansa ma daga zaƙin murya ya samo asali, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Salon ƙungiyarsa ya ƙara wahalar abin: tun da rabin maganar a bakin 'yan amshi take, idan makirfo ɗaya ne kuma yana gaban jagora, rabin ma'anar ce ke dusashewa.

Da aka shiga shekarun 2000 sai aka juye kaset-kaset ɗin zuwa faifan CD, daga baya zuwa MP3 da katin memori, inda masu tura waƙoƙi a waya suka gaji masu kwafar kaset. Yanzu ana samun su a YouTube da Facebook da WhatsApp. Sau da yawa abin da aka ɗora tsohon kwafin kasuwa ne, da duk lahaninsa, babu shekarar ɗauka, babu wurin da aka yi, babu sunayen 'yan amshi. Akan ma ci karo da waƙar wani makaɗin kotso an liƙa mata sunan Ɗanƙwairo, ko tasa an ba wani.

Waƙa ɗaya, rerawa da yawa

Makaɗin fada ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Gindin yana nan, wasu ɗiyan ma suna nan, amma sauran sun danganta da wanda ke zaune a wurin, da wanda ya yi kyautar doki ko riga, da abin da ya faru a masarautar tun rerawar da ta gabata. Wanda aka yaba bana ana iya tsallake shi baɗi. Don haka idan aka sami kaset biyu na waƙar 'Yandoton Tsafe da suka bambanta a tsawo da jerin sunaye, ba lallai ne ɗaya ya zama gurɓatacce ba. Yana iya yiwuwa zama biyu ne daban, kuma bambancin nasu shi kansa tarihi ne, domin yana nuna waɗanda ke da faɗa a ji a fadar a kowane lokaci.

A wasu ƙasashe irin wannan bambanci shi ake nema a adana. Kamfanin Blue Note na Amurka, alal misali, da ya tashi sake fitar da kiɗan Bud Powell, gwanin piyano na kiɗan jaz, ya jera ɗauka uku na kiɗa guda da aka yi ranar 1 ga Mayu, 1951, don mai sauraro ya ji yadda abin ya riƙa sauyawa. Hakan ya yiwu ne saboda kamfanin ya ajiye faifan asali da rajistar ranar ɗauka da sunan kowane makaɗi. Waƙoƙin Ɗanƙwairo da ke yawo a kasuwa ba su zo da irin wannan rajista ba. Mai nazari yakan kintaci lokacin rerawa ne daga cikin waƙar kanta: sarautar da aka kira mutum da ita, ko ambaton wani gwamna, ko addu'ar da aka yi wa wanda ya riga ya rasu.

Rubutawa da nazari

Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun samar da kundaye masu yawa a kan waƙoƙinsa, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero tana cikin wuraren da suka tara kaset-kaset na makaɗan baka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma rubuta matanin waƙoƙin makaɗa da dama a jerin Diwanin Waƙoƙin Baka.

Rubuta waƙar baka daga kaset yana da nasa tarko. Wanda bai san karin Zamfara ba yakan ji tsohuwar kalma ya musanya ta da wadda ya sani, ko ya mayar da lafazin zuwa daidaitacciyar Hausa, sai karin waƙar ya karye. Matanin da aka buga kuma na rerawa ɗaya ne tak. Ɗalibin da ya kafa hujja da shi ya kamata ya faɗi kaset ko faifan da aka rubuto shi daga ciki.

Rasuwa da haƙƙin mallaka

Ɗanƙwairo ya rasu ranar Juma'a, 13 ga Satumba, 1991, yana da shekara kusan 82. A lokacin Maradun da Bakura suna cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. 'Ya'yansa sun ci gaba da kiɗan kotso bayansa, suna rera tsofaffin waƙoƙinsa suna kuma yin sababbi, abin da ya sa wasu faya-fayan da ke ɗauke da sunan gidan ba muryarsa ba ce.

Tsarin da ya rayu a ciki bai dogara da cinikin faifai ba. Ubangida ne ke biya, da doki da tufafi da hatsi da mota da kujerar Makka, yaɗuwar kaset kuwa ƙarin suna ce ga makaɗi da wanda aka waƙe. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988, da wadda ta maye gurbinta ta 2022, sun ɗauki abin ta wata fuska. A ƙarƙashinsu waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, wanda a lissafin Ɗanƙwairo ya kai ƙarshen 2061. Sautin da aka ɗauka kuma yana da tasa kariyar daban, ta shekara 50, saboda haka wa'adin waɗanda aka fitar a zamanin Sardauna ya riga ya cika, na shekarun 1980 kuwa da saura.