Mamman Shata: Mawaƙin da ya sha suka kafin ya zama ma'auni

A duk lokacin da gardama ta kaure tsakanin dattawa da matasa a kan mawaƙan wannan zamani, da wuya a tashi ba a ambaci marigayi Dokta Mamman Shata Katsina ba. Dattawa kan kafa hujja da shi cewa waƙa ta lalace, ta koma roƙo da zambo da neman kuɗi. Sai dai tarihin Shata ya nuna cewa shi ma ya sha irin wannan suka, tun daga zauren mahaifinsa, kuma abubuwan da suka sa wasu suka guje shi su ne dai suka jawo masa ɗimbin masoya.

An haifi Shata a shekarar 1923 a garin Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu. Bai gaji waƙa ba, kuma mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi ta ba. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya rataya ganga. Makaɗi kuwa maroƙi ne a idon jama'a, ana jin daɗinsa a wurin biki, ana yi masa kyauta, amma gidaje da yawa ba sa sha'awar haɗa zuri'a da shi. Don haka yaron da ya bar sana'ar gidansu ya kama waƙa, ana ganin ya zubar da girman iyayensa ne da gangan.

Shata ya fara neman abinci ne da tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa, yana kuma waƙa a dandali tare da samari da 'yan mata. Da waƙar ta rinjaye shi sai ya ajiye talla ya rungume ta. Ya zauna a Bakori, yana yawon kiɗa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa. A shekarar 1952 ya yi wasa a wani babban bikin 'ya'yan sarki a Kano, kuma daga nan tauraronsa ya fara haskawa. Daga bisani ya mai da Funtuwa mazauninsa, inda ya shafe mafi yawan sauran rayuwarsa.

A lokacin da ya taso, mawaƙan da ake girmamawa su ne na fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda ke kiɗan kotso. Makaɗin fada yana da ubangidan da ya dogara da shi, yana tsara waƙarsa a tsanake, ya bita da yaransa, ya cika ta da tarihin gidan sarauta da zurfafan kalmomi. Shata ya zo ne da kalangu, gangar da aka fi sani da mahauta da dandalin 'yan mata, ya kuma buɗe ƙofarsa ga kowa. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa attajirai da sojoji da direbobi da manoma da 'yan bori. Har saukar ɗan Adam a duniyar wata a shekarar 1969 ba ta wuce shi ba, domin ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa.

Salonsa ma ya bambanta. Yakan kafa gajeren amshi, yaransa su riƙe shi suna maimaitawa, shi kuma ya riƙa zuba baitoci nan take gwargwadon abin da idonsa ya gani a filin wasa. Shi ya sa waƙa ɗaya kan fito da fuskoki da dama, ta wannan gari daban, ta wancan daban. Masu kunnen waƙar fada sun ga wannan a matsayin sauƙi da yawan maimaici. Masoyansa kuwa a nan suka ga gwaninta, domin mai sauraro ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane, kuma duk wanda ya halarci wasa yana iya jin sunansa ko labarin garinsu ya faɗo cikin waƙar da za ta zaga ƙasa.

Zamani ma ya taimake shi. An buɗe gidan rediyon Kaduna a shekarar 1962, faifan garmaho ya yaɗu, daga baya kaset ya shiga kowace tasha da kowane shago. Muryar da a da sai an je biki ake jin ta, sai ga ta a ɗakin matar aure da rumfar mai shayi, har ta tsallaka zuwa Nijar da Ghana da Kamaru da sauran wuraren da Hausawa ke zaune. Wannan ya sauya wanda ke yanke hukunci a kan waƙa. A da yardar basarake ce ke ɗaga mawaƙi, amma a zamanin rediyo da kaset talakan da ke aika zaɓensa ko ya sayi faifai ya samu ta cewa, kuma talakawa da yawa Shata suka zaɓa.

Suka mafi zafi ta zo masa ne ta fuskar tarbiyya. Waƙarsa da aka fi sani da Sha Ruwa, wadda masu sauraro suka fahimci cewa giya take nufi, ta ɓata wa malamai da iyaye rai matuƙa, kuma har yau ita ce hujjar farko ta masu kushe shi. Ga kuma zambo. Wanda ya saurari Gagarabadau ya san yadda harshen Shata ke yanka idan ya juya wa mutum baya, ya bi siffarsa da halinsa ya mai da shi abin dariya a bainar jama'a. Irin wannan kaifi ya sa wasu ke ganin kyautar da ake yi wa mawaƙa rabinta so ne, rabinta tsoro.

Amma bakin da ya yi waɗannan shi ne kuma ya rera yabon Manzon Allah (SAW) a waƙar da ta shiga zukatan jama'a, ya kira 'yan Arewa su tashi su nemi na kansu, ya kwaɗaitar da noma da aure. Talakan da ba shi da bakin faɗa wa mai iko gaskiya yakan ji sanyi idan ya ji mawaƙi ya faɗa ba tare da shakka ba. A Bakandamiya, waƙar da ya yi wa kansa kirari, masu suka sun ji fahariya, masoya kuwa sun ji mutumin da aka ce sana'arsa ƙasƙantacciya ce yana shelanta cewa ba ya jin kunyar ta. Waƙa ɗaya ce, kunnuwa ne suka bambanta, kuma kowane kunne yana tafe da matsayin mai shi da tarbiyyarsa da abin da yake tsoro ko yake buri.

Sannu a hankali hukuncin masu ilmin zamani ya karkata gare shi. A shekarar 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazari a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta, Gwamnatin Tarayya kuma ta karrama shi da lambar yabo ta MON. Ya yi wasa a ƙasashen waje, ciki har da Ingila da Amurka. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar waƙarsa ya wayi gari ɗalibai na rubuta kundaye a kan baitocinsa.

Bayan jinya a Kano da birnin Jidda, Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999 a Kano, aka kuma yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. A shekarar 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

A yau matasan mawaƙa sun ajiye kalangu sun koma fiyano da ɗakin ɗaukar sauti, kuma tuhumar da ake yi musu ta yi kama da wadda aka yi wa Shata: roƙo, zambo, yabon mai kuɗi, ɓata tarbiyya. Wasu daga cikin tuhumomin na da tushe, kamar yadda na zamaninsa ma suke da shi. Abin da rayuwarsa ta nuna shi ne, hukuncin da mutane ke yanke wa mawaƙi yana raye yakan cakuɗe da batun asali da sana'a da gaba, sai bayan ƙura ta lafa ake tantance abin da ya rage a cikin waƙar. Abin da ya rage a ta Shata shi ne Hausa tsantsa, da saurin tunani, da taskar sunayen mutane da garuruwa da al'amuran rabin ƙarni.

Fiye da shekara 20 da rasuwarsa, ana jin kalangunsa a motocin haya da gidajen rediyo da wayoyin jikokin waɗanda aka taɓa hana su sauraronsa. Allah ya jiƙansa da rahama.