Franco Luambo: yaron haya da ya zama mai gidan faifai

Duk lokacin da na sa kiɗan Kwango cikin shirina na radiyo, ba a rasa dattijon da zai aiko saƙo daga Ɗan Gulbi ko ƙauyukan kewaye yana neman a ƙara. Akwai wani tsohon tela a garinmu da har yanzu yake ɓoye da kaset guda na Franco cikin akwatin kekensa, ko da yake na'urar da za ta karanta shi ta daɗe da mutuwa. Ba ya jin kalma ɗaya ta harshen Lingala, gitar ɗin yake bi. Shi ya sa yau na ga ya kamata mu san mutumen da ke bayan wannan gitar, wanda ya bar duniya tun 1989.

An haifi François Luambo Makiadi ranar 6 ga watan Yuli 1938 a Sona Bata, cikin Kwango ta mulkin Beljik, ya kuma tashi a Leopoldville, wato Kinshasa ta yanzu. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuwa tana gasa burodi tana kaiwa kasuwa. Tun yana ƙarami ya harhaɗa gitar da hannunsa, yana zama gefen hajar uwarsa yana kaɗawa don masu saye su tsaya. Da mahaifin ya rasu a 1949 sai lakwal ta ƙare. Wani makaɗi mai suna Paul Ebengo Dewayon ya jawo shi cikin ƙungiyarsa ta Watam, nan ya fara taɓa gitar ta gaske.

A wancan zamani ɗakunan ɗaukar faifai na birnin suna hannun ƴan kasuwa baƙi. Wani mutumen Girka, Papadimitriou, shi ke da gidan Loningisa. A 1953 gidan ya ɗauki yaron, yana ɗan shekara 15, da yarjejeniyar shekara 10. Henri Bowane, wanda ke kula da makaɗan gidan, shi ya laƙa masa sunan Franco.

To mine ne aikinsa? Makaɗin haya ne. Duk mawaƙin da ya zo ɗaukar waƙa, ana ba shi makaɗan gida su raka shi. Yau wannan, gobe wancan, kowa da muryarsa da saurinsa, kuma dole yaro ya kama waƙar da bai taɓa ji ba cikin ɗan lokaci. Faifan garmaho na lokacin bai wuce kamar minti 3 ba a kowace fuska, ana kuma ɗaukar kowa a tare, in mutum guda ya yi kuskure sai a koma farko. Faifai ya fito da sunan mawaƙi da tambarin mai gida, makaɗi ya karɓi ɗan abin da aka yanka masa ya tafi. Mu nan mun san irin wannan: a wurin biki kowa na kiran sunan mawaƙi, amma mai kalangu ko mai gurmin da ke riƙe masa waƙar, wa ke tambayar sunansa?

A ganina makaranta biyu Franco ya yi a Loningisa. Ta farko ita ce ta hannu. Sauran makaɗan birnin suna kwaikwayon faifan Kuba da suka cika kasuwa, shi kuwa ya riƙa fizgar tsirkiya biyu lokaci guda da yatsunsa, sautin ya fito da kauri da ƙarfi kamar na kayan kiɗan gargajiyarsu. Ya ƙware a wurin da suke kira sebene, wato inda mawaƙa ke yin shiru, gitar ta ɗauki ƴar gajeriyar jimla tana maimaitawa tana murɗa ta har masu rawa su jiƙe da zufa. Makaranta ta biyu ita ce ta aljihu: ya gane cewa kuɗin waƙa yana wurin mai na'ura da mai tambari. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana neman zama wannan mutum.

A watan Yuni 1956, shi da wasu makaɗan gidan, cikinsu har da Jean Serge Essous da Vicky Longomba, suka kafa OK Jazz, sunan da suka ɗauko daga mashayar da suke wasa. A 1958 aka jefa shi kaso kan laifin tuƙi, ya fito jama'a na kiransa bokan gitar. Bayan ƙasar ta samu ƴancin kai a 1960, abokin hamayyarsa Joseph Kabasele, wanda ya riga kowa buɗa tambarin faifai na ɗan ƙasa, ya kai OK Jazz birnin Burusal suka ɗauki waƙoƙi. Franco ya ga hanya. Bai jima ba ya buɗa nasa tambarin, Epanza Makita, daga baya wasu suka biyo, kamar Editions Populaires. Daga nan shi ke zaɓen waƙa, shi ke tsara kiɗan, shi ke biyan kuɗin ɗauka, shi ke saida faifan.

Da Vicky Longomba ya fita a farkon shekarun 1970, ƙungiyar ta koma hannunsa shi kaɗai, aka ƙara mata kirarin Tout Puissant, wato mai cikakken ƙarfi. Ta kai ga makaɗa da mawaƙa sun haura 30. Nan ne gwanintarsa ta mai shirya faifai ta fito sosai, domin ya san ya ajiye kowa a wurinsa. Simaro Lutumba na rubuta waƙoƙi masu zurfi, Sam Mangwana da Josky Kiambukuta da Ntesa Dalienst na rerawa, gitar uku ko huɗu na saƙa a ƙarƙashi, wata ba ta taka wata. Da manyan faifai suka zo, ya saki waƙa ta yi tsawo, minti 10 har fiye. Sai dai kayan kiɗa nasa ne, tambari nasa ne, sauran albashi suke ɗauka. Yaron hayar jiya ya zama mai ɗaukar haya, kuma ba kowane yaronsa ya rabu da shi cikin daɗin rai ba.

Wannan arziki bai rabu da Mobutu ba. Lokacin da gwamnati ta ƙwace dukiyar baƙi ta raba wa ƴan ƙasa, daga 1973, masana'antar buga faifai ta Mazadis ta faɗo hannun Franco. Ya shugabanci ƙungiyar makaɗan ƙasa, ya buɗa katafaren gidan rawa na Un-Deux-Trois a Kinshasa. Ya yi wasa a bikin 1974 da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da George Foreman, ya je Legas bikin FESTAC a 1977. Ya yi wa Mobutu waƙar zaɓe a 1984, zaɓen da babu ɗan takara sai shi. Masoyansa kan ce ai cikin habaici yake sukar masu mulki, kuma gaskiya ne an hana sa waƙarsa Luvumbu Ndoki a 1966, bayan rataye wasu ƴan siyasa huɗu a bainar jama'a. Ni dai ban ga wannan ya wanke wancan ba. Ita ma gwamnatin ba ta bar shi ya manta wa ke sama ba: a 1978 aka kulle shi da wasu yaransa a kason Makala saboda waƙoƙi biyu na batsa, kafin a sake su bayan ɗan lokaci.

Wani abin da yawancin masu saurarenmu ba su sani ba, a tsakiyar shekarun 1970 ya musulunta, ya ɗauki sunan Abubakar Sidiki. Bai ɗore a kai ba, daga baya ya koma cocin Katolika.

Da tattalin arzikin Zayir ya durƙushe, ɗaukar faifai ta koma Turai, shi ma ya riƙa zama Burusal. A 1985 ya fitar da Mario tare da mawaƙi Madilu, labarin saurayi mai takardun ilimi da ya ƙi aiki ya zauna yana cin dukiyar wata mace da ta girme shi. Ita ce waƙarsa da ta fi zagaya Afirka. A 1987 ya yi doguwar waƙar gargaɗi kan cutar SIDA, lokacin da manya da yawa ke jin nauyin ambatar sunanta. Ba a daɗe ba ƙaton mutumen nan ya fara ramewa. Jama'a suka danganta ciwon da wannan cuta, shi kuwa ya musa. Ya rasu ranar 12 ga watan Oktoba 1989 a wani asibiti kusa da Namur, a ƙasar Beljik, yana da shekara 51.

Aka kai gawarsa Kinshasa, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 4, gidan radiyon ƙasa ya riƙa sa waƙoƙinsa. Simaro ya riƙe ƙungiyar har shekara 4 bayansa. A ƙarshen 1993 rigima ta tashi tsakanin makaɗan da magadan Franco kan rabon kuɗi, domin suna da kayan kiɗa duk na mamacin ne. Makaɗan suka ajiye kayan suka fita, suka kafa tasu ƙungiyar mai suna Bana OK, wato ƴaƴan OK.